Katanga, Kududdufi da Ruwan Dare: Abin da Biranen Bakin Teku Ke Koya wa Kaikai

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Kaikai da sauran garuruwan ƙasar Kusada da Kankiya, da 'ya'yanmu da ke neman abinci a Legas da Fatakwal da Akara. Sharhinmu na yau a kan yadda gari ke shirya wa bala'i ne tun bai zo ba. Za mu leƙa wasu biranen bakin teku da girgizar ƙasa da ambaliya suka ɗaiɗaita, mu ɗauko abin da ya dace da mu, mu da ke zaune nesa da teku amma damina ke rusa mana gidaje kusan kowace shekara.

Bari mu fara da Agadir, birnin bakin teku a ƙasar Maroko. A daren 29 ga Fabrairun 1960, cikin watan azumi, gab da sha biyun dare, ƙasa ta motsa na kimanin daƙiƙa 15. A ma'aunin masana girgizar ba ta kai maki 6 ba, wato ba ta cikin manya. Amma aka wayi gari mutum kusan 12,000 sun rasu, kimanin kashi ɗaya cikin uku na mutanen birnin. Da injiniyoyi suka bi kango-kango suna dubawa, abin da suka gano shi ne galibin mamatan ɗakunansu ne suka danne su: bango mara ƙwari, rufi mai nauyi, ginin da aka yi ba tare da an ɗaure sassansa da juna ba. Hukuma ta sake gina birnin can kudu kaɗan da tsohon wurin, ta kuma kafa dokar gini wadda ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta.

Mu a nan Allah Ya rangwanta mana, ƙasarmu ba ta cikin wuraren da ke fama da babbar girgiza. An ji motsi a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, an ji a Mpape ta Abuja a 2018, bango ya tsattsage, mutane suka firgita, abin ya tsaya nan. Akara ce ta ga mai tsanani a 1939, inda mutum 17 suka rasu. To amma darasin Agadir namu ne kai tsaye, domin a karkararmu ruwan sama ma ta hannun gini yake yin kisa. Duk wanda ya taso a ƙauyukan nan ya san irin labarin da ake tashi da shi a watan Agusta: an kwana ana marka, ɗaki ya faɗa wa uwa da 'ya'yanta. Ba gulbi ne ya shigo gari ba, ba madatsa ce ta fashe ba. Katanga ce ta sha ruwa kwana uku, gindinta ya jiƙe ya yi laushi, nauyin soro ya fi ƙarfinta, ta durƙushe cikin dare.

A nan nake so mu ɗan daɗe, don nan ne rayukanmu suka fi salwanta, nan ne kuma gyara ya fi araha.

Iyayenmu sun zauna a ginin ƙasa shekara da shekaru, kuma sun san ginin ƙasa kiwo yake so. Da an gama kaka an shiga rani, magidanci zai zagaya gidansa ya duba inda ya tsage, ya kira magina ko ya yi gayya, a kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana ta ruɓa, a yi yaɓe. Akwai makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, ana shafe bango da ita ruwa ya riƙa zamewa. Masu hali suna yi wa soro laso. Ana duba azara ko gara ta ci, a sauya wadda ta ruɓe. Ana gyara indararo ya miƙe sosai, ya watsa ruwa nesa da gindin bango. Ana tara ƙasa a jikin katanga daga waje a daddaɓe ta, don kada ruwa ya kwanta a wurin. Wannan duka ilimi ne, kuma babu wanda ya je makaranta kafin ya iya shi.

Yau me ake gani? Matasan da za su yi yaɓen sun tafi ci-rani, ba sa dawowa sai an yi ruwan shuka. Itatuwan ɗorawa sun ragu. Wanda ya ɗan samu kuɗi sai ya shafe bangon laka da siminti ya ɗauka ya huta, alhali siminti da laka ba sa riƙe juna. Da shafen ya tsage, ruwa zai shiga ta baya ya rasa hanyar fita, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye, daga waje kuwa sumul. Wani ya ɗora kwano a kan tsohon gini ba tare da ya bar wa kwanon baki mai tsawo ba, ruwan rufin duka yana zuba a gindin katanga. Ku yi lissafin da kanku: ruwan sama milimita 1 a kan fili mita 1 tsawo da faɗi, lita 1 ke nan. Idan aka yi ruwa milimita 50 a dare ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne a Agusta, rufin da ya kai murabba'in mita 100 zai zubo da lita 5,000. Jarka 200 ke nan ta lita 25, a gindin bangon da yara ke kwance a bayansa.

Ginin bulo ma bai tsira ba in an ha'ince shi. Mai buga bulo da ke son buhun siminti ɗaya ya fitar masa da abin da ya wuce ƙima, da magini da ke rage rodi, da mai gida da ke cewa a yi tushe gajere don a rage kuɗi, duk sun haɗa hannu wajen gina tarko. Legas ta ga haka a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamban 2021, lokacin da bene mai hawa 21 da ake kan ginawa ya rufta ya kashe mutum fiye da 40, ba girgiza ba ambaliya. Abin da ya kayar da bene a Ikoyi shi ke kayar da aji a makarantar ƙauye.

Sai maganar hanyar ruwa. Kowane tsohon gari a ƙasar Hausa yana da kududdufi, domin daga nan aka haƙi ƙasar da aka gina garin. Ramin da ginin ya bari shi ke karɓar ruwan garin idan an yi mamako, ya riƙe shi har ya tsotse a hankali. Yanzu gari na faɗaɗa, fili ya yi tsada, sai a cike kududdufi da shara, bayan shekara biyu a ja igiya a yanka fuloti a sayar. Wanda ya saya cikin rani ba ya ganin komai sai busasshen fili mai araha. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ruwan da ya saba sauka nan zai zo, in ya tarar da gida ya shiga gidan, in ya tarar da katanga ya juya ya shiga na maƙwabta. Haka ƙoramar da ke ratsa bayan gari: ana gini a bakinta, ana ɗibar yashinta, ana sare itatuwan da saiwarsu ke riƙe gaɓarta. Kwalbati kuwa, a ce an yi shi daidai da ruwan wurin, leda da robobi da yashi sun cika rabinsa kafin damina ta kankama.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A daren Lahadi 15 ga Yulin 2018, wayewar Litinin, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Jibiya, nan cikin jiharmu ta Katsina. Ruwa ya tumbatsa ya bi ta unguwanni mutane na barci. Fiye da mutum 40 suka rasu, aka yi asarar ɗaruruwan gidaje da dabbobi, wasu gawarwakin ma sai cikin Jamhuriyar Nijar aka tsinto su. A Mokwa ta Jihar Neja, da asubahin 29 ga Mayun 2025, ruwa ya share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, aka tabbatar da mutuwar fiye da mutum 150, cikinsu har da almajirai. Ku lura da lokacin: Jibiya cikin dare, Mokwa da asuba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Madatsun ruwa nasu babin daban ne. A Darna, birnin bakin teku a Libiya, madatsu biyu da aka gina tun shekarun 1970 sun fashe a daren 10 ga Satumban 2023, ruwa ya kwashe tsakiyar birnin ya zuba a teku. An tabbatar da mutuwar fiye da mutum 4,000, dubbai kuma ba a gan su ba. Abin da ya fi ciwo, a 2022 wani malamin jami'a ɗan ƙasar mai suna Abdulwanis Ashur ya wallafa bincike yana gargaɗin cewa in ba a gyara madatsun ba, birnin na cikin haɗari. Ba a yi gyaran ba. Shekara guda cif bayan Darna, madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, ruwa ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa da Kasuwar Monday, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Alau ɗin nan ta taɓa yin haka a 1994. Kano ma ta ga fashewar Bagauda a 1988. Muna da Zobe a Dutsin-Ma, muna da ta Jibiya, muna da ƙananan madatsun ƙasa irin ta Kusada da makamantanta. Ba ina cewa wata cikinsu na shirin fashewa ba ne. Abin da nake cewa shi ne haƙƙin mutanen da ke zaune ƙasa da kowace madatsa ne su san yaushe injiniya ya duba ta, me ya gani, kuma wa zai buga musu waya in ruwa ya kusa haure ta. Masunta da masu noman rani da ke wuni a bakin ruwan su ne za su fara ganin tsagewa ko ɓulɓular ruwa a bayan ganuwar. A ba su lambar da za su kira, a kuma ɗauki kiran nasu da muhimmanci.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe daga biranen bakin teku. A garin Kamaishi na ƙasar Japan, gwamnati ta shafe kusan shekara 30 tana gina katangar tare igiyar ruwa a cikin teku, ta kashe fiye da dala biliyan 1, aka kammala a 2009. Ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa ta taso da igiyar ruwa, ta karya katangar ta shiga gari. Amma yaran makarantun firamare da ƙaramar sakandare na garin, su kusan 3,000, kusan dukkansu sun tsira. Dalili kuwa, shekaru ana koya musu abu ɗaya ana maimaitawa: in ƙasa ta girgiza, kada ka jira kowa ya ba ka umarni, ka ruga kan tudu, in ka isa ka ga bai isa ba ka ƙara hawa. Manyan yara suka kama hannun ƙanana suka gudu, manya da suka gan su suka bi bayansu.

Kada wani ya ce ai Japan masu kuɗi ne. Bangaladash ƙasar talakawa ce, ta Musulmi, cike da jama'a. A 1970 guguwar teku ta kashe musu aƙalla mutum 300,000. A 1991 wata ta kashe kusan 138,000. Suka tashi tsaye suka horar da dubban 'yan sa-kai, maza da mata, a ƙauyukan bakin teku, aikinsu su bi gida-gida da lasifika da tuta in an yi hasashen guguwa. Suka gina makarantu masu bene waɗanda ke zama mafaka. Da guguwa mai ƙarfi ta zo a 2007, mutum kimanin 3,400 ne suka rasu, a 2020 kuwa ba su kai 100 ba. Guguwar ba ta rage ƙarfi ba, labari ne ya riƙa isa ƙofar gida kafin ruwa ya iso.

To mu fa? Hasashe muna da shi. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana kuma fitar da na kwanaki. Hukumar NIHSA na fitar da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya ka iya shafa. Akwai hukumomin agajin gaggawa, NEMA a tarayya, SEMA a jiha. Amma takardar da aka ƙaddamar a Abuja da Turanci, wace hanya take bi ta iso zauren mai unguwa a Kaikai ko Mawashi ko Rimaye ko Kafin Soli? Sau da yawa jama'a ba sa ganin hukuma sai bayan ɗaki ya faɗi, ta zo da buhun masara da tabarma da bandir ɗin kwano. An gode da tallafi, amma tallafi ba ya dawo da wanda aka binne. A ganina rabin abin da ake kashewa a rabon kayan agaji, in da za a kashe shi a watan Maris da Afrilu wajen yashe magudanai da taimaka wa marasa ƙarfi su yi yaɓe, da jana'izar Agusta ta ragu.

Abin da ake bukata a matakin unguwa ba shi da tsada. Kowace unguwa ta zauna da mai unguwa da liman da dattawa, a tambayi tsofaffi inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarun da aka yi babbar damina, domin su ne taswirar garin. A san gidajen da ke cikin kwari. A san ɗakunan da suka tsage, musamman na zawarawa da marayu da tsofaffin da 'ya'yansu ba sa gari, da makarantun allo inda yara da yawa ke kwana ƙarƙashin rufi ɗaya. A tsayar da wuri guda mai ƙwari a kan tudu, makaranta ko masallacin Juma'a, a san wanda mabuɗin ke hannunsa. In an kwana biyu ana marka, duk mai ɗaki mai rauni ya kwashe iyalinsa su kwana can ko gidan ɗan'uwa, kuma kada a mai da abin na kunya. Kunyar a ce wane ya kwana a aji ta sa mutane da dama sun kwana a ɗakin da suka san yana zubar da ƙasa.

Akwai wani abu da ya keɓanta da yankinmu, wanda dole a faɗe shi. Saboda halin rashin tsaro da ake ciki, ihu ko usur cikin dare ma'anarsa ɗaya a kunnen mutanenmu: ɓarayin daji sun shigo. Mai jin haka ko dai ya kulle ƙofa ya lafe a ɗaki, ko ya tsallake katanga ya nufi gona da bakin rafi. Duka biyun halaka ne in ruwa ne ke tafe. Don haka wajibi ne kowane gari ya ware wa ruwa alamarsa daban, wadda yaro da babba suka sani. Lasifikar masallaci ta fi komai dacewa, da muryar mutumin da jama'a suka sani, ya faɗi a sarari cewa ruwa ne, a fita ta hanya kaza zuwa wuri kaza. A tanadar wa lasifikar batir ko sola, domin wuta ba ta tsayawa in hadari ya taso. 'Yan sintiri da jami'an tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta kafa a 2023 dama idonsu biyu cikin dare. A ƙara musu da duba ƙorama da kwalbati a daren da ake ruwa. A kuma gwada abin sau ɗaya da rana kafin damina, da 'yan makaranta da matan gida, domin mata da yara ne ke cikin ɗaki in abin ya zo.

Na san akwai mai cewa abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa. Haka ne, mun yi imani da ƙaddara mai daɗi da mara daɗi. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya ba mu labarin Annabi Yusuf, alaihis salam, wanda ya tara hatsi a shekarun wadata saboda shekarun fari, da Annabi Nuhu, alaihis salam, wanda ya sassaƙa jirgi tun ƙasa na bushe. Malamanmu su taimaka su faɗi wannan a huɗuba tun cikin rani. Wanda ya toshe hanyar ruwa ya jefa maƙwabcinsa cikin ambaliya, haƙƙi ne a wuyansa.

Direbobi da 'yan acaɓa, ku ji wannan. Ruwa mai gudu da ya ɗan wuce idon sawu, kimanin santimita 15, yana iya kayar da babban mutum. Wanda ya kai santimita 60 yana tafiya da mota. Ruwan damina ja ne, ba ka ganin ko kwalbatin da ke ƙasa ya riga ya karye. Ranar kasuwa a jira ƙorama ta janye, ko da za a yi asarar ciniki. Bayan ruwa ya wuce kuma, rijiyar da ya shiga ta haɗu da ruwan masai, kada a sha sai an yashe an sa magani ko an tafasa. A 2021 kwalara ta kashe fiye da mutum 3,000 a Najeriya, Katsina na cikin jihohin da abin ya shafa. Da an ga amai da gudawa a fara ba da ruwan gishiri da sukari a nufi asibiti.

Ku kuma 'yan'uwanmu da ke Legas da Akara, galibi inda haya ke da sauƙi nan ne bakin kwata da cikin fadama. A Akara, ranar 3 ga Yunin 2015, mutane suka fake wa ruwa a wani gidan mai da ke shataletalen Kwame Nkrumah, man ya malalo kan ruwan, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Ku san tudun da ya fi kusa da makwancinku, ku nisanci gidan mai da turken wuta in ruwa ya cika titi, ku ajiye takardunku da kuɗinku a leda a wuri mai bisa. Sarakunan Hausawa na Agege da Mile 12 da zangunan Akara su sa wannan cikin abin da suke tara jama'a a kai. In kuma za ku aiko da kuɗi gida kafin damina, ku ware na yaɓen ɗakin tsohuwa, ku sa a turo muku hoto ku ga an yi.

Kiranmu ga shugabannin ƙananan hukumomin Kusada da Kankiya: ku fitar da hasashen bana da Hausa, ku kai shi hannun hakimai da dagatai da limamai kafin ruwan farko, ku yashe kwalbatoci, ku hana yanka fuloti a kududdufi da bakin ƙorama ko na wane ne. Iyayen ƙasa, kada ku sa hannu a takardar cinikin filin da kuka san hanyar ruwa ce. Magidanta, ba a fafe gora ranar tafiya: yau bayan la'asar kowa ya zagaya bayan ɗakinsa, ya duba gindin bango da azara da indararo, wanda ya ga tsagewa ya kira magini cikin makon nan. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da iyalanmu.